Kujera a FMI ko G20: me ƙasa irin Nijar take nema a can?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki a jami'ar André Salifou nan Damagaram. Kullum muna jin an ce Afirka ta samu kujera a G20, an ƙara mata kujera a FMI, ko wata ƙasa tana kamun ƙafa don a zaɓi ɗanta shugaban wani banki. Tun da kun yi aiki a wannan fanni, don Allah ku fahimtar da ni: ta yaya ƙaramar ƙasa ke samun irin wannan kujera, kuma me kujerar ke tsinana mata? Mu nan ruwan famfo ma sai a yi kwanaki ba a gan shi ba, ban ga abin da ya haɗa kujerar Washinton da tulun gidanmu ba."

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambaya biyu ka haɗa, kuma ta biyun ta fi nauyi. Ta farko, ta wace ƙofa ƙasar da ba ta da dukiya mai yawa take shiga inda manya ke yanke shawarar kuɗin duniya. Ta biyu, in ta shiga, me za ta fito da shi wanda mutumin Birni ko Garin Malam zai gani a ƙasa. Na daɗe ina aikin takardun ƴan takara da na tarukan kuɗi kafin in yi ritaya in dawo gida. Abin da zan gaya maka daga teburin ma'aikaci na gan shi, wanda ke shirya wa minista fayil, ka auna shi da wannan ma'auni.

Kujera suna ta tara

Akwai hukumomin da ƙuri'a ke bin kuɗi. Asusun ba da lamuni na duniya, FMI, da Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka, BAD, duk haka suke: gwargwadon jarinka, gwargwadon muryarka. Nijar ta shiga FMI a 1963, kuma kason da aka yanka mata tun gyaran da ya fara aiki a 2016 shi ne DTS miliyan 131.6. DTS ɗin nan kuɗin lissafi ne na asusun, ana auna shi da dala da yuro da yuwan da yen da fam. In aka juya wannan kaso zuwa ƙuri'a, bai kai ɗaya cikin dubu na jimillar ƙuri'un ba. Amurka ita kaɗai tana riƙe da kashi 16 da ɗoriya cikin ɗari, manyan shawarwari kuwa, irin su sauya rabon kaso, sai da kashi 85 suke wucewa. Ka yi lissafin da kanka. In Amurka ta ce a'a, ko duniya duka ta ce i, magana ta tsaya.

Ƙasashe 191 ne a FMI, amma majalisar daraktocin da ke gudanar da aikin yau da kullum kujera 25 gare ta. Amurka, Japan, Sin, Jamus, Faransa, Birtaniya da Saudiyya, kowace da tata ita kaɗai. Saura sai su haɗu gungu-gungu su zaɓi darakta ɗaya duk shekara biyu. Shekara da shekaru ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kujera biyu suke rabawa, kowane darakta yana ɗauke da ƙasa sama da ashirin, da yawansu kuma suna cin bashin asusun a lokaci guda. A taron Marakesh na Oktoban 2023 aka amince a ƙara ta uku, ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 2024. Bankin Duniya ya riga ya yi haka tun 2010. Sai dai ka lura da abin da ba a cika faɗa a rediyo ba: kujera aka ƙara, ba a ƙara ƙuri'a ko ɗaya ba. Ƙuri'un da darakta biyu ke riƙe da su ne aka raba wa uku. Wasu suka ce to ai an yi mana wayo. Ni ban gan shi haka ba, kuma zan zo kan dalili.

Sai inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya, ƙarama ko babba, wato babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da rassansa. Majalisar tattalin arziki da zamantakewa, ECOSOC, tana da kujera 54, na shekara uku-uku, 14 daga ciki na Afirka ne. A nan yawa yana aiki. A Nuwamban 2023 ƙasashen Afirka, Najeriya na gaba, suka kai ƙudurin a mayar da tattaunawar dokokin harajin duniya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, maimakon ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OCDE. Ƙasa 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, har da Amurka da Tarayyar Turai, ƙudurin ya wuce. Irin wannan ba zai taɓa yiwuwa a FMI ba.

Na uku su ne kulob irin G20, taron ƙasashen da suka fi ƙarfin tattalin arziki, da BRICS, gungun su Sin da Rasha da Indiya da Brazil da Afirka ta Kudu, waɗanda ba su da ƙuri'a, ba su da tsarin neman shiga. Sai ƴan ciki sun yarda a kira ka. Macky Sall na Senegal ya yi ta buga ƙofar G20 a 2022 lokacin yana shugabancin Tarayyar Afirka, amma a Satumban 2023 a Delhi aka buɗe wa Tarayyar, kuma wanda ya tashi ya hau kujerar Azali Assoumani ne, shugaban tsibiran Komoros, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Juyin shugabancin Tarayyar ne ya faɗo a kansa.

Yadda ake kamun ƙafar

Wanda bai san aikin ba yana zaton a Niyok ko Washinton ake cin zaɓe. A unguwa ake cin sa. Ƙasa takan fara sanar da maƙwabtanta na yankin cewa tana son kujera kaza a shekara kaza, wani lokaci shekaru da yawa kafin ranar. In yankin ya yarda juyinta ne, sai a kai maganar Adis Ababa, inda Tarayyar Afirka ke da kwamitin ministoci na musamman mai tantance ƴan takarar nahiyar. In wannan kwamiti ya sa albarka, kuma yawan ƴan takara ya zo daidai da yawan kujerun Afirka, to zaɓen Niyok cika sharaɗi ne kawai. Haka Nijar ta samu ƙuri'a 191 cikin 193 a Yunin 2019 ta shiga kwamitin sulhu na 2020 da 2021. Ba don duniya ta ƙaunace mu fiye da kowa ba ne, an gama maganar tun a gida.

Inda takara ta yi zafi kuwa, sai a koma musayar ƙuri'a. Ka san littafin biki na iyayenka mata: wance ta kawo mini jika biyar ranar auren ɗiyata, ranar nata ba zan je hannu rabbana ba. To kowane ofishin jakadanci a Niyok yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, riƙe wannan littafi. Ku zaɓe mu a ECOSOC bana, mu zaɓe ku a hukumar sadarwa ko ta jiragen sama baɗi. Ana rubuta alkawarin a wata ƴar wasiƙa ta ofishin jakadanci, wadda ba ta cewa "ni" ko "kai", sai dai ofishin ƙasa kaza yana gaida ofishin ƙasa kaza yana kuma farin cikin sanar da shi, a ƙasa a buga hatimi. Takardar da muke aiki da ita layi uku gare ta a gaban sunan kowace ƙasa: wanda ya yi alkawari a rubuce, wanda ya yi da baki, da wanda ya yi murmushi ya ce zai tuntuɓi gida. Na ukun nan ba ka lissafa shi. Na biyun ka raba shi biyu. Ko na farkon ma ka rage wani abu, domin ƙuri'ar asiri ce, kuma jakadan da ke cikin zaure ranar zaɓe ba lallai ne ya bi abin da babban birninsa ya rubuto ba. Shi ya sa ake kamun ƙafa wuri biyu, a babban birni da kuma wurin mutumin da zai riƙe alƙalami.

Abubuwan da ke kayar da ƙananan ƙasashe ba manya ba ne, abin haushin ke nan. Na ga ɗan takarar da takardunsa suka fi na kowa ya faɗi, saboda ƙasarsa ta sanar da shi bayan abokin karawarsa ya riga ya tattara alkawura, kowa ya ce masa da ka zo da wuri. Na ga inda aka aika wa ƙasashe wasiƙa aka zauna jiran amsa, alhali ɗaya ɓangaren minista sukutum ya tashi yana bin birane. Zuwa da kai ya fi aike, a wannan sana'a ba karin magana ba ce kawai, kasafin kuɗi ne na tikiti da masauki. Sai bashin kuɗin ƙungiya: sashe na 19 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙasar da bashinta ya kai na shekara biyu cur ta rasa ƙuri'arta a babban zaure. Wanda ba shi da ƙuri'a me zai yi musaya da shi?

In kana son ganin aikin da aka yi shi da kyau, dubi Muritaniya a zaɓen shugaban BAD na Mayun 2025 a Abijan. Bankin yana da mambobi 81, na Afirka 54 da na waje 27, kuma ba ka ci sai ka samu rinjaye biyu, na ƙuri'un Afirka da na jimilla. Jarin Muritaniya a bankin kaɗan ne. Amma ɗan takararta, Sidi Ould Tah, ya yi shekara goma yana shugabancin bankin Larabawa na raya Afirka, BADEA, babu ministan kuɗin da bai taɓa zama da shi kan wani rance ba. Shugaban ƙasarsa kuma bai daɗe da sauka daga shugabancin Tarayyar Afirka na 2024 ba, lambobin takwarorinsa suna hannunsa. A zagaye na uku ya tashi da kashi 76 da ɗoriya, ya bar ƴan takarar Zambiya da Senegal a baya, na Afirka ta Kudu da Chadi tuni an fitar da su. Can sama kuwa akwai rufin da kamun ƙafa ba ya fasawa. Ngozi Okonjo-Iweala ta Najeriya ta nemi shugabancin Bankin Duniya a 2012 ba ta samu ba, domin al'adar da aka gada ita ce Ba'amurke a Bankin Duniya, Bature na Turai a FMI. Ko a hukumar ciniki ta duniya, inda kusan kowa ya bi ta a 2020, sai da gwamnati ta sauya a Washinton kafin ta hau a Maris na 2021.

To me kujerar ke kawowa?

Bari in fara da tulun gidanku, kada in yi maka zaƙin baki. Babu daraktan da zai ɗaga hannu a Washinton ya ce a ja bututu zuwa Damagaram. Kuɗin rangwame na Bankin Duniya, na reshensa IDA, da ma'auni ake raba shi: yawan jama'a, talaucin ƙasa, da makin da aka ba ta kan yadda take tafiyar da tattalin arziki da ayyuka. Abin da za a yi da rabon Nijar, ruwa ne ko hanya ko makaranta, a Yamai ake tsara shi tare da ma'aikatan bankin. In fayil ɗin ruwan garinku bai nuna ba, kujera goma ba za su nunar da shi ba.

Amfanin kujera yana wani wuri, kuma shi ne dalilin da na ce ƙarin ta uku a FMI ba wayo ba ne. Majalisar daraktocin nan ba kasafai take kaɗa ƙuri'a ba, yawanci tattaunawa ake har a fahimci inda rinjaye ya karkata. Don haka wanda ya karanta takarda da kyau ya zo da hujja yana iya jan hankalin da ya fi ƙuri'arsa nauyi. Kowane darakta yana da ofis, da mataimaka, da mashawarta da ake ɗaukowa daga ƙasashen gungunsa bi da bi. Su ne ke ganin rahoton ma'aikatan asusun kafin ya fita. Su ne ke kiran ma'aikatar kuɗi su ce ga sakin layin da zai ja muku matsala, ku shirya amsa. Su ne ke zagaya ofisoshin sauran daraktoci kafin ranar zama, su yi bayanin cewa damina ta yi gardama, ko kuɗin tsaro ya ci kasafin, don haka a sassauta wa'adin wani sharaɗi. In ka sauke rahoton FMI kan Nijar daga intanet, je ka shafukan ƙarshe, za ka tarar da jawabin darakta a madadin hukumomin ƙasar. Wannan ƴar takardar ita ce muryar ƙasa a ɗakin, kuma mashawarci ne ke rubuta ta. Yanzu ka ɗauka mutum ɗaya da ƴan mataimakansa suna yi wa ƙasa sama da ashirin wannan hidima, kowace da nata rikicin bashi. Rage masa kaya ba ƙaramin abu ba ne, ko da ƙuri'a ba ta ƙaru ba.

Ga misalin da ke nuna iyakar abin da kuma amfaninsa a tare. A Agustan 2021, lokacin korona, FMI ta raba DTS na dala biliyan 650. Da yake rabon kaso yake bi, Afirka duka kimanin biliyan 33 ta samu, Nijar kimanin dala miliyan 180. Babu kamun ƙafar da zai sauya wannan lissafi. Amma surutun da ƙasashen Afirka da ƙananan tsibirai suka yi ta yi, Firaminista Mia Mottley ta Barbados na cikin masu ƙarfin murya, ya taimaka har manyan suka yi alkawarin juyo dala biliyan 100 daga nasu rabon, aka kuma buɗe sabon asusun rance mai dogon wa'adi a 2022 don sauyin yanayi. Nijar ta samu shiga cikinsa a 2023. Haka a 2024 shugabannin Afirka suka taru a Nairobi suka nemi a cika asusun IDA da dala biliyan 120, aka tashi a biliyan 100 a watan Disamba. Ba a samu abin da aka nema ba, amma girman tukunyar da za a ɗibar wa Nijar a nan aka yanke shi. In akwai zaren da ya haɗa Washinton da famfonku, to wannan ne, kuma dogo ne.

Namu na gida

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ide Oumarou ya riƙe sakatariyar ƙungiyar haɗin kan Afirka daga 1985 zuwa 1989. Hamid Algabid, ɗan ƙasar Tanut, ya shugabanci sakatariyar ƙungiyar ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Mahamane Ousmane na nan garin ya riƙe majalisar dokokin CEDEAO. Ibrahim Assane Mayaki ya yi sama da shekara goma a kan NEPAD, hukumar raya ƙasa ta Tarayyar Afirka. A UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kuɗin CFA na yammacin Afirka, inda aka saba gwamnan babban bankinta, BCEAO, ɗan Kwaddibuwa ne, sai da aka ja daga da Senegal kafin Abdallah Boureima ya samu shugabancin hukumar gudanarwarta a 2017, zuwa 2021 kuma ta koma hannun Senegal. Sai kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAf: Issoufou Mahamadou ne jagoranta, a Yamai aka ƙaddamar da ita a Yulin 2019, amma sakatariyar Akra ta tafi, babban sakatare kuma ɗan Afirka ta Kudu ne. Taro kwana biyu ne, sakatariya kuwa ayyuka ne da hayar gidaje da kunnen da ke jin komai da wuri.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, wani tsohon abokin aiki zai iya musa mini: ƙasashenmu sun fi ba manyan muƙamai ƙarfi, masu shiga labarai, suna sakaci da teburan tsakiya. Babban muƙami mutum ɗaya ne, wa'adinsa ya ƙare ya tafi, kuma ranar da ya hau ya yi rantsuwar ba ƙasarsa yake wa aiki ba. Mashawarta da masana lissafi da shugabannin sassa su ne ke zama shekara ashirin suna koyon yadda gidan yake, su dawo da wannan sani. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine kansa wakilcin BAD ya yi a Chadi da wasu ƙasashe kafin a kira shi a 2023. Singafo ta gane wannan tun da wuri. Ba mamba ce ta G20 ba, amma ta kafa dandalin ƙananan ƙasashe a 1992, ta sake haɗa wani gungu na ƙasa talatin a 2009 don su yi magana da G20 da baki ɗaya, kuma kusan kowace shekara ana gayyatar ta, saboda in ta zo da aiki a hannu take zuwa.

Halin da ake ciki tun Yulin 2023 ya sauya lissafin, ko mutum yana goyon baya ko ba ya yi. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a watan Agustan wannan shekara, kuma muddin dakatarwar na nan, ƙasar ba ta zama a teburin Adis Ababa inda ake raba juyi. Ficewa daga CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta rufe matakin farko na tsanin da na bayyana maka, ta kuma tafi da muƙaman ƴan ƙasa a hukumomin ƙungiyar. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, da FMI, da Bankin Duniya, da BAD, da UEMOA, ga gungun ƙasashe marasa gaɓar teku da na masu ƙaramin ƙarfi. Ƙasashen AES uku, Nijar da Mali da Burkina Faso, in suka haɗa baki suna da abin ciniki, an ga haka a Lome a Yulin 2025 da ministocinsu suka fice daga zaman UEMOA kan juyin Burkina Faso na shugabancin majalisar ministoci, daga baya kuma aka ba ta. Sai dai ƙuri'a uku a zauren ƙasa takwas daban, uku a zauren 193 daban. A can sai an sake gina littafin alkawura ƙasa bayan ƙasa, ba tare da inuwar yanki ba, aikin da ya fi tsada ya fi cin lokaci.

Kai kuma da ke aji yanzu, tun da abin ya ja hankalinka, ka riƙe lissafi da ƙididdiga da kyau, su ne harshen waɗannan gidaje. Ka ƙara Ingilishi a kan Faransancinka, domin takardun FMI da Bankin Duniya da shi ake fara rubuta su, fassara daga baya take zuwa. Ka sa ido kan gasar shiga makarantar ƙididdiga ta ENSEA a Abijan da cibiyar horo ta BCEAO a Dakar, COFEB, sannan BAD da Bankin Duniya suna da shirin ɗaukar matasan ma'aikata, ana sanarwa a shafukansu. BCEAO tana da reshe nan Damagaram, ka nemi wani ma'aikacinsu ya nuna maka yadda ake karanta rahoton kuɗi na wata-wata, ka fara daga nan.